Igiyar da Baba Ɗanmaliki Ya Ɗaure Ni da Ita

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Rajab, ina bakin ƙofar da nake gadi a Fatakwal labari ya iske ni: 'yan bindiga sun kashe Baba Ɗanmaliki, maƙwabcinmu na katanga ɗaya. Sun tare shi da rana tsaka tsakanin Tambuwal da Kebbe, yana dawowa daga gaisuwar mutuwa. Suka harbe shi a wuya, suka sare shi a kafaɗa, suka tafi da babur ɗinsa.

Baba, shekara shida ban gaishe ka ba. Ba zan yi maka ƙarya yau don ka mutu ba. Kai mutum ne mai kaushin baki da nauyin hannu, kuma haƙorina na gaba a hannunka ya fita.

Ranar da aka kashe ƙanena Atiku a gonarmu, kowa ya ji harbi, kowa ya rufe ƙofa. Kai ka ɗaura shanunka a amalanke, ka je ka ɗauko shi, jini na ɗiga tun daga gona har ƙofar gida. Kai ka yi masa wanka, ka cusa auduga inda harsashi ya huda don kada likkafani ya ɓaci mahaifiyarmu ta gani. Matarka Goggo Batula ba ta bari an hura wuta a gidanmu ba har kwana uku.

Da aka dawo daga maƙabarta na ɗauki adda da jarkar fetur. Na rantse sai na ƙone rugar Fulanin da ke bayan gari, don wani ya ce min can maharan suka sha ruwa. A zaure ka tare ni. Na kai maka sara, ka goce, ka nushe ni a baki, ka danne ni ƙasa kamar ragon layya.

“Zamna, Abdu,” ka ce. “Mi ka gani da idonka? Uwarka ta bizne guda yau, ba ta bizne na biyu.”

Sai ka ɗauko igiyar shanu ka ɗaure ƙafata da taka, ka baza babbar rigarka a kai. Haka muka karɓi gaisuwa kwana uku. Mutane suna ta cewa, dubi yadda Ɗanmaliki ya manne wa yaron nan. Ko alwala tare muke tashi. Ina zaginka ƙasa-ƙasa, kai kuwa kana amsa wa baƙi “amin, amin”.

Bayan sadakar uku na ce da kai matsoraci a gaban jama'a, na bar gari. Ban kai wata biyu a Fatakwal ba na ji maharan nan sun faɗa wa rugar, sun kashe maza huɗu, sun kore shanun. Mutanen da na so in ƙone da 'ya'yansu ke nan. Na san ka yi gaskiya tun a lokacin. Girman kai ya hana ni ɗaga waya.

Jiya babban ɗanka Gazali ya kira ni, muryarsa a bushe. Ya ce, “Yaya Abdu, mun san rugar da suka bi.” Na ce wa ya gani? Ya kashe wayar.

Jama'ar unguwarmu, gaisuwa da kwanon tuwo ba za su isa ba a wannan karon. Kada ku bar Gazali shi kaɗai ko zuwa masallaci. Na ajiye aikina, na shiga mota, tafiyar kwana biyu ce.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya karɓi shahadarka, Ya yafe maka, ni ma ka yafe min inda kake. Allah Ya ba Goggo Batula da dukan iyali haƙuri, Ya isar mana a kan waɗanda suka aikata, su kaɗai.

Gazali, don girman Allah, kada ka fita gidan nan sai na iso.