Hon a Gwiwa

A layin masu gyaran babura, duk wanda wutar baburinsa ta rikice, wurin Mai Wayarin ake tura shi. Shagon nasa ɗan tsugul ne: benci ɗaya, batir a ƙarƙashin tebur, wayoyi ja da kore da baƙi rataye a ƙusa, sai gwangwanin madara cike da matattun fis. Shekara ashirin da shida yana nan. Ba shi da na'urar gwaji mai allo. Ƙwan fitila ne ya ɗaura wa waya biyu, kuma da shi yake kunyata masu na'urar. Ga baki, wallahi, ba ya raga wa kowa. Ka kawo masa babur da fis naɗe da takardar kwalin sigari, sai ya tambaye ka ko ka yi sallama da iyalinka kafin ka fito. Amma aikin da ya yi ba ya dawowa.

Yana da ƙane, wanda duk gidan ke kira Auta ko da yake 'ya'yansa uku. Auta ke kai wa wani shagon magani kaya a babur, da wannan yake ci da gidansa. Wata safiya yana shafa wa cen, wato sarƙar babur, mai da tsumma, inji na aiki, taya na juyawa, sai cen ya fizgi tsumman ya haɗa da babban yatsansa na hagu. A asibiti aka ƙarasa cire shi. To, wa ya koya masa shafa mai inji na aiki? Mai Wayarin ne, tun suna samari, wai ya fi sauri. Ba wanda ya faɗa masa haka a fuska, amma abin ya ci Mai Wayarin ƙwarai, har abinci ya daina yi masa daɗi.

Da ciwon ya warke, mai shagon maganin ya kira Auta. Ba mugu ba ne, gaskiya ya faɗa: yatsu huɗu za su ja kulochi, amma hon da sigina aikin babban yatsa ne. "Ranar Litinin ka hau a gabana," in ji shi. "In sai ka saki kan babur kafin ka danna hon, zan ba wani makullin."

Auta ya turo baburin shagon yayansa da safiyar Asabar. "Yaya, ni dai na haƙura. Zan nemi gadi."

"Gadin me? Kai da barci ke ɗauka a zaune? Matsa ka ba ni wuri."

Mai Wayarin bai taɓa waya ko ɗaya ba tukuna. Salatif ya ɗauko, ya lanƙwasa babban yatsansa na hagu cikin tafin hannu ya naɗe shi tam, ya hau baburin ya shiga gari. Mai faci na maƙwabta ya yi ta dariya, wai tsufa ya fara taɓa shi. Sai da ya yi awa biyu yana zagaye, ya kusa shiga bayan wata motar kaya, sannan ya dawo da gumi ya ce ya gane. Sigina za ta koma dama, kusa da totur. Hon kuwa gwiwa ce za ta danna shi, don ya lura duk sanda ya firgita, gwiwarsa ce ke fara matse tanki.

Ya kafa ɗan maɓalli mai tauri a gefen tanki. Maɓallin ba zai iya ɗaukar wutar hon ba, narkewa zai yi, don haka ya sa rile a ƙarƙashin kujera: maɓalli ya taɓa rile, rile ta ɗauko wuta kai tsaye daga batir, ga fis nata na kanta a tsakani. Auta ya hau, ya matsa gwiwa, hon ya tsala ihu. Ya juya zai fita daga shagon, sai ɗif, fitilar sigina ta mutu. Babban fis ya ƙone. Aka sa sabo, ya sake ƙonewa. Na uku ma haka.

"Yaya, mu naɗa masa waya mana, Litinin ɗin kawai ta wuce."

"Kai, rufe min baki! Yatsa bai ishe ka ba, sai ka haɗa da wuta a ƙarƙashin tankin mai? Fis ba ya ƙonewa don wasa."

Ya cire fis ɗin ya laƙa ƙwan gwajinsa a gurbinsa. A tsaye, ƙwan shiru. Ya karya kan babur hagu, shiru. Ya karya shi dama har ƙarshe, ƙwan ya haska fes. Ya leƙa wuyan babur: sabuwar wayar siginar ce, wadda shi da kansa ya ja, ta yi gajarta, ƙarfe na datse ta a duk juyi har ya fere mata riga.

"Laifina ne," ya ce. Ya kalli wayar, sannan ya ƙara, "Na cen ɗin ma nawa ne. Ka yafe min." Tun da aka haifi Auta bai taɓa jin yayansa ya ba wani haƙuri ba. Sai kawai ya miƙa masa filaya. Aka ja doguwar waya, aka sa mata rigar roba, aka karya kan babur sau hamsin, fis ko gezau.

Ranar Litinin Mai Wayarin bai iya riƙe sukundireba ba, hankalinsa duk na wurin Auta. Yana zaune a benci, ya kori mutum biyu ba gaira ba dalili. Wajen hantsi sai ga ƙarar hon tun daga bakin layi, ba ƙaƙƙautawa. Auta ne, kwalayen magani ɗaure a baya har sun fi kansa tsawo, hannu biyu a kan babur, yana ta matsa gwiwa yana washe baki. Bai ma tsaya ba, aiki na jiransa. Masu shaguna suka fito suna zaginsa.

Mai Wayarin ya juya wa titi baya, ya goge ido da hannun riga. "Ji ɗan banza," ya ce wa mai faci. "Zai kashe min batir tun ranar farko."