Tabon da ke girar golanmu

Maigidana, Allah ya jiƙansa, tela ne, amma a unguwarmu ta Turaki ba da ɗinki aka san shi ba. Gola ake ce masa. Shi ke tsare wa unguwarmu raga tun kafin a ɗaura mana aure, lokacin da turakun ragar ma na gora ne. Ni ban taɓa zuwa kallo ba. Nawa aikin shi ne wanke jar ƙasar filin makaranta daga jikin rigunansu, waɗanda shi ya ɗinka da kansa da ragowar yadi.

In an tashi wasa, zaurenmu suke cikawa. Akwai Bamumuye mai sayar da doya, akwai Bafulatani direban babbar mota, akwai malamin asibiti da aiki ya kawo daga kudu. Kowa da irin Hausarsa, amma musu ɗaya suke yi. Ina daga ciki ina dama musu kunu ina jin komai, har na san wanda ke gudu da wanda ke tsayawa yana daka wa mutane tsawa. Wanda ya shigo mini da takalmi kan tabarma kuwa, ranar ba shi ba kunu.

Maigida ba ya son hoto. Cewa yake fuskar da ake gani kullum, me za a yi da ita a takarda. Sau ɗaya aka ci galabarsa, ranar da mai hoto ya je fili a kan keke da akwatinsa mai ƙafa uku, ya cusa kai cikin baƙin ƙyalle, ya ɗauke su gaba ɗaya. Shi yana tsaye a baya daga gefe, ƙwallo a hammata. Hoton ya daɗe rataye a ɗakina, har wata damina rufi ya yi yoyo, ruwa ya bi bango ya cinye kusurwar da yake. Daga hanci zuwa ƙasa yana nan. Daga ido zuwa sama sai fari.

Bara samarin unguwa suka yi sallama, suka ce za su shirya gasa da sunansa, suna son a zana fuskarsa a babban allo a kafa a bakin fili. Suka ce in ba su hoton su ɗauka da waya, waya za ta gyara inda ya lalace. Na ga irin gyaran da waya ke yi wa amare, har uwar yarinya ta kasa gane 'yarta. Na ce hoto ba zai bar gidan nan ba. Mai zane ya zo zaure ya yi aikinsa ina kallo, in ba haka ba a bar maganar.

Mai zanen mutumin Kona ne, shi ya yi zanen da ke jikin shagunan aski da gidajen kallon ƙwallo daga nan har Yelwa. Yana da ladabi, ba ya taɓa fenti sai ya durƙusa ya gaishe ni. Amma hannunsa ya saba da 'yan wasan Turai. Kafin azahar ya ba maigidana wuya kamar na bijimi, haƙora farare a jere, da wani aski mai layi a gefe.

"Ɗana, wannan mijin wa ka zana?"

"Dada, haka mutane ke son ganin gola."

"To ni ba wannan na aura ba. Goge."

Ya goge. Na zauna a kan kujera 'yar tsugunne ina faɗa yana bi. A rage wuya, a rufe baki, kunnen nan ya ɗan fito, haɓa ba ta kai haka ba. Sannu a hankali mutumin ya fara leƙowa daga cikin katako, har na daina yawan magana.

Sai aka zo goshi. Na ce yana da tabo da ya raba masa gira, wanda turken raga ya yi masa. Mai zane ya ɗaga buroshi ya tambayi wace girar. Kafin in buɗe baki, tsofaffi biyu da suka rage cikin mutanen hoton, mai doya da direba, waɗanda suka zo tun safe suka zauna a kan benci, suka karɓe zancen. Mai doya ya ce ta dama, don yana kusa da shi lokacin da ya faɗi. Direba ya ce ƙarya ne, mai doya bai taɓa komowa baya ya taimaki gola ba a rayuwarsa, ta hagu ce. Mai doya ya miƙe da sandarsa zai nuna yadda aka yi tsallen, sai da aka riƙe shi. Da suka gaji, direba ya juyo.

"Uwargida, ke za ki raba mu."

Na duba allon, na duba farin da ke cikin hoton, sai na ga ban sani ba. Fuskar da na tashi da ita, na tsufa da ita, na rufe mata ido da hannuna. Na sa tabon a dama ya zauna, na mai da shi hagu ya zauna. In na yi kuskure, duk yaran da ba su san shi ba haka za su riƙe shi, kuma ba sauran wanda zai gyara.

Na ce musu na bar tukunya a wuta. Na shiga madafa na tsaya, ruwa na tafasa a murhu. Na ɗauki tsumma zan sauke tukunyar, tururi ya jiƙa shi, ɗumin ya ratsa tafin hannuna. A nan ranar ta dawo mini. Sun kawo shi jini har wuyan riga, malamin asibiti ya ɗinke wurin, daga baya ya kumbura. Kullum da safe nakan zaunar da shi a kan turmi, in tsaya a gabansa, in kama haɓarsa da hagu don kada ya kauce, in gasa masa da tsumma. Na rufe ido na ɗaga hannun. Na dama ya tafi kai tsaye, bai ƙetare hanci ba.

Na fito na tsaya gaban allon, na ɗora yatsa a girarsa ta hagu, kusa da wutsiyarta. Na ce gajere ne, kuma ya ɗan karkata. Mai zane ya ja layi ɗaya siriri. Direba bai yi wa abokinsa dariya ba. Mai doya ya cire hula ya riƙe a gwiwa, ya gai da allon da Fulatanci, ya ce, "Jam, gola."

Da la'asar samari suka zo da Keke Napep za su ɗauki allon. Mai zane ya taɓa gefe ya ce fenti ya bushe, ana iya tafiya da shi. Na ce a gidan nan fenti ba ya bushewa sai ranar Juma'a. Suka dubi juna, suka jingina shi da bangon zaure, fuskar tana kallon cikin gida.