Mai Gwada Kofi da Hannun Hagu

Sanyi ya ja jiki, itatuwa sun fara toho, kasuwar masu sana'ar hannu da abinci ta cika a gindin tsohuwar ganuwa. Wata tela ta zo sayen zuma, amma ga ta tsaye a rumfar mai tukwane, tana kallon wani dattijo.

Idon tela ba ya wuce ɗinki. Rigarsa fara ce tas, ta sha guga, sai dai maɓallin wuyan da baƙin zare aka ɗinke shi, ɗinkin wanda bai saba riƙe allura ba. Ko gwauro ne?

Yana ɗaukar kofunan yumɓu ɗaya bayan ɗaya da hannun hagu, na dama yana cikin aljihu. Sai ya karkaɗa hannun da gangan kamar mai rawar ɗari, ya kai kofin baki, ya ajiye.

"Baba, lafiya dai?" in ji mai tukwane. "Kofi ai kofi ne."

"Ina fa, 'yata! Zuba mini ruwa a wannan mai zurfin."

Ta zuba. Ya sake karkaɗawa, ko ɗigo bai zube ba. Fuskarsa ta washe.

"Na maiɗakina ne. Hannun dama ya daina aiki, na hagu kuma rawa yake. Ta rantse in dai ni zan riƙa ba ta a baki, ta bar shan shayi ke nan."

Tela ta sake duban baƙin zaren nan, ta manta abin da ta zo saye.