Kwana Takwas a Hawa na Uku

Ana idar da sallar asuba muka baro Makka, ni da mahaifiyata, da jaka ɗaya da butar da ta ƙi rabuwa da ita tun daga Gusau. Hanyar Madina shimfiɗaɗɗiya ce, ba rami ba gargada, sai baƙaƙen duwatsu hagu da dama kamar an yi gobara. A tsakiyar hanya muka tsaya cin shinkafa da kaza. Inna ta ɗanɗana ta ce shinkafar ba laifi, amma mutanen nan ba su san yaji ba.

Burinta ɗaya ne a Madina: ta yi salloli arba'in a jere a masallacin Manzon Allah, ba tare da ta rasa ko ɗaya ba. Kwana takwas cif muke da su kafin jirginmu. Idan guda ta kuɓuce, babu damar sake farawa.

Otal-otal ɗin bakin Harami ba na irinmu ba ne, kuɗin kwana guda a can ya isa mu yi mako a wani wuri. Wani ɗan Nijar mai sayar da carbi ya kwatanta mini gidan wata dattijuwa ta wajen hanyar Awali, wadda kakanta ya zo daga ƙasar Katsina a ƙafa. Ƙasan benen shaguna ne, sama kuma ɗakunan baƙi. Katifu biyu, fanka, banɗaki na kowa da kowa, da risho a baranda. Da na ji kuɗin sai na amsa da sauri, har ina yaba wa kaina wayo. Ban tambayi hawa na nawa ne ba. Na uku ne, kuma babu lif.

Kwanakin farko sun yi daɗi. Da safe nakan sayo burodin tamis mai zafi da wake a riyal biyu, mu ci mu ƙoshi. Maƙwabtanmu 'yan Pakistan ne da wata tsohuwa 'yar Chadi, ana musayar shayi da dabino ba tare da an ji yaren juna ba. Mai gidan kuwa Hausarta rabi Larabci ce, jikokinta ma in ka gaishe su da Hausa da Larabci suke amsawa.

A rana ta biyar gwiwar Inna ta kumbura. An yi kiran farko na asuba, ta fito bakin matakala, ta sa ƙafa, ta kasa. Ta zauna a wurin. Ban taɓa jin kunyar rowata irin ta ranar ba.

Na durƙusa na ce, "Inna, hau in goya ki."

Ta kawar da kai. Ni ne ɗanta na fari, kuma Inna ta mutanen da ce. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta haɗa ido da ni, ko ina yaro kakata ce ke goya ni a gaban mutane. A wurinta, hawa bayana ya fi ciwon gwiwar wuya.

Motsinmu ya fito da mai gidan. Da ta fahimci abin da ake ciki sai ta riƙe haɓa.

"Ya hajja, aish hada, mene ne haka? Waladinki ne fa, ɗan cikinki! Mu nan mun bar wannan kunya tun zamanin jaddina, kakan nan nawa. Ikama ta kusa, halas, ya isa haka, ki hau."

"Hajiya, ba ki gane ba ne," in ji Inna a hankali.

"Na gane sarai. Ki rufe fuska, ni ma ban gani ba."

Haka aka yi. Inna ta ja mayafi ta lulluɓe fuskarta ruf, ta hau. Ba ta da nauyi ko kaɗan, abin da ya sa ni hawaye ke nan. Ina sauka ina jin numfashinta a wuyana. A ƙasa mai gidan ta fito da keken guragu na marigayi mijinta daga bayan wani shago. Na tura har ƙofar mata ta masallacin, mai gidan kuma ta karɓa ta shige da Inna. Mun sami raka'ar farko.

Sauran kwanakin haka muka yi, in sauko da ita da asuba, ta wuni a masallaci, in hau da ita bayan isha. Kullum fuska a rufe, kuma ba wanda ya taɓa ta da zancen. Da ta cika ta arba'in, mai gidan ta turo ta waje su biyun suna kuka, suka rabu kamar ya da ƙanwa.

Mun iso gida lafiya makon jiya. Mai niyyar zuwa da tsoho, ya tambayi hawa kafin ya tambayi kuɗi, wannan na koya da bayana. Na kuma koyi cewa ƙaunar Inna ba a baki take ba. Jiya 'yan barka da zuwa suka cika ɗakinta, ina zaune a bakin ƙofa, wata ta tambaye ta yadda ta yi da benen da wannan ƙafa.

Inna ta dubi ƙasa ta ce, "Wani bawan Allah ne ya riƙa goya ni. Allah ya ba shi mai goya shi."