Maman Kati, Wadda Ta Dawo da Yarinyar da Na Goge

Ƙarfe bakwai saura kwata take shigowa, tun masu shara ba su gama goge barandar asibitin yaran da muke aiki ba. Takan rataye jakarta a ƙusar bayan ƙofa, ta share fuskar kwamfuta da gefen mayafinta kamar mai share wa jika majina, sannan ta jawo aljihun tebur ta ciro wata 'yar baƙar ma'ajiyar bayanai da aka ɗaure da roba. Ta jona ta, ta buga layi ɗaya, ta jira. Cikin minti uku an kwafe bayanan duk yaron da ke da kati a asibitin, da kwanan wata a kai. Sai an gama wannan take amsa gaisuwa da baki. Kafin nan, ko shugaban asibiti ne ya leƙo, hannu kawai za ta ɗaga masa.

Maman Kati muke ce mata, domin a ɗakin kati ta shekara talatin da huɗu. Juma'ar da ta wuce ta yi ritaya. A takardar da aka raba wurin taron sallamarta, an rubuta "mai buga takardu" a ƙarƙashin hotonta. Na karanta, na ninke, na ce wallahi ba za ta tafi gida da wannan suna kaɗai ba. Dalilin wannan rubutu ke nan.

Gaskiya ne da tafireta ta fara. Su bakwai ne a ɗakin. Da aka kawo kwamfutoci aka sallami shida, ita aka bar ta tana jigilar fayil zuwa ofisoshin likitoci, saboda ta san inda kowane kati yake kwana. Waɗanda aka ɗauko su shigar da bayanai suka yi wata shida suka kama gabansu, suka bar mata tulin rikici: hotunan kati dubu goma sha ɗaya, kowanne da lamba maimakon sunan mai shi, ranakun haihuwa, wasu an fara da rana, wasu da wata, lambobin waya da sifilin farko ya zube. Aka ce ta gyara da hannu. Ta auna aikin, ta ga sai ya ci mata shekara biyu.

Shekarunta arba'in da bakwai a lokacin. A gidan babbar 'yarta ta ga wani littafi mai kauri an tokare ƙafar tebur da shi. Surukinta ne ya saya don ya koyi Python, ɗaya daga cikin yarukan da ake rubuta wa kwamfuta umarni da su, ya karanta babi biyu ya gaji. Ta ce ya nemo bulo ya ba ta littafin.

A shekarar ce kuma mijinta, tsohon direba, ya kwanta da shanyewar ɓarin jiki. Autarsu ce ta ba ni labarin yadda aka yi karatun. Bayan la'asar, in ta yi masa wanka ta ba shi abinci, sai ta zauna a gefen gadonsa da wata tsohuwar kwamfutar cinya, shi kuma ya riƙe littafin da hannunsa mai lafiya yana karanto mata harafi bayan harafi. Bai san ma'anar ko layi ɗaya ba. Likita dai ya ce ya yawaita magana don harshensa ya saki.

"Buɗe baka," in ji shi, yana kiran alamomin rubutun da sunayensu. "Rufe baka. Ɗigo biyu. Sauka ƙasa, ki matsa ciki taku huɗu."

"Malam, ka tsallake waƙafi."

"Ni? Shekara talatin ina tuƙi ban taɓa tsallake danja ba, sai waƙafi?"

Haka harshensa ya warware, haka hannunta ya faɗa. Shirin farko da ta rubuta layi tara ne. Ya bi hotunan nan dubu goma sha ɗaya ɗaya bayan ɗaya, ya duba lambar kowanne a jerin sunaye, ya sa masa sunan mai shi. Ta ɗora ruwan shayi, kafin ya tafasa an gama. Ta ce ta daɗe tana kallon allon, ta zaci lalacewa ya yi.

Daga nan sai kowa ya san hanyar ɗakin kati. Babbar nas ta gaya mini cewa a da ranar Lahadinta a kan neman yaran da lokacin allurarsu ya yi take ƙarewa, yanzu kuwa duk Litinin takardar na jiranta a kan firinta. Mai ba da magani ya ce tun da ta rubuta masa ɗan shirin da ke jera magungunan da suka kusa lalacewa, bai sake zubar da kwali guda ba. Duk wanda ya kawo matsala, tambayarta ɗaya ce: "In da hannu za ka yi, me za ka fara yi? To, sai me?" Tana rubuta amsoshin a bayan tsohon kati, har matsalar ta zama ƙananan matakai. Sai ta mayar da kowane mataki layi.

Sau uku ta nemi ƙarin girma, sau uku aka dawo mata da takardarta, domin akwai gurbin shaidar karatu kuma ba ta da abin liƙawa a wurin. A rahoton shekara sai a rubuta "sashen kwamfuta ya yi kaza". Babu wani sashe. Mace ɗaya ce da tabarau mai igiya. Ba ta yi yaji ba, ba ta rage komai ba. Washegari ƙarfe bakwai saura kwata tana bakin ƙofa.

Shekara uku da suka wuce aka ɗauke ni aiki aka ajiye ni a teburin da ke kallon nata. Mu huɗu ne mata a ajin mutum casa'in a jami'a, kuma ba da sunkuyar da kai na fito ba, don haka da na buɗe shirye-shiryenta sai na taɓe baki. Dogaye ne, cike da bayani da Hausa a gefen kowane layi. Kuma kowanne, kafin ya canza komai, sai ya jero abin da zai yi a kan allo ya tsaya ya tambaya: "Kin tabbata?" Ita kuwa "Injiniya" take ce mini, ban san ko yabo ba ne ko tsiya.

A wata na biyu shugabanmu ya ba ni aiki. Iyaye kan ɓatar da kati su buɗe sabo, don haka yaro ɗaya sai ya fito sau biyu ko uku a kwamfuta. Ya ce in share maimaici kafin azahar. Na ce abu mai sauƙi. Duk inda aka samu sunan uba ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, lambar wayar uwa ɗaya, to yaro ɗaya ne: a bar na farko, a goge sauran. Layi goma sha ɗaya, tsaf, abin sha'awa.

Ta leƙo ta saman tabarau. "Injiniya, kin sa ya nuna miki kafin ya taɓa?"

"Mama, sunaye dubu uku ne. Wa zai zauna karanta su?"

"Ni."

"Lissafi ba ya ƙarya, Mama."

"Ba ya yi. Amma bai taɓa shiga ɗakin haihuwa ba."

Ban tsaya tambayar me take nufi ba. Tana fita kai fayil na danna. Kati dubu uku da ɗari da sha biyu suka tafi cikin ƙiftawar ido. Shugaba ya yaba mini a gaban kowa.

Ranar Alhamis da hantsi babbar nas ta faɗo ɗakinmu ba sallama. An kawo wata yarinya 'yar shekara huɗu, jikinta zafi rau, ƙirjinta na ƙara. Likita ya buɗe katin da kwamfuta ta ba shi, bai ga wani gargaɗi ba, har ya fara rubuta allura. Uwar ce ta leƙa allon ta riƙe masa hannu. Ta ce wannan katin 'yar'uwar yarinyar ne. Tagwaye ne. Wannan ƙaramar akwai maganin da aka taɓa yi mata ta kumbura har numfashinta ya nemi ɗaukewa, an ce kada a sake, an rubuta a katinta.

"Wane magani ne?" na tambaya.

"Ta manta sunansa. Ta ce ai yana wurinku."

Uba ɗaya. Rana ɗaya. Wayar uwa ɗaya.  Da hannuna na goge yarinyar nan, katin takarda kuwa tuni an kwashe na shekarun baya zuwa wani sito a wajen gari. Ga yaro ba lafiya, ga likita ya ɗaga alƙalami yana jira.

Maman Kati ba ta dube ni ba. Ta jawo aljihun tebur, ta kwance robar, ta jona baƙar ma'ajiyar nan. Ta buɗe kwafin safiyar Litinin, na kafin in taɓa komai. Da yatsu biyu, a natse, ta rubuta layi huɗu: buɗe fayil, bi kowane kati, in lambar wayar ta zo daidai da wannan, nuna shi. Kati biyu suka fito. A ƙasan na biyu, da manyan baƙaƙe: KADA A BA TA FENISILIN. Abin da likita ya fara rubutawa ke nan. Nas ta fizgi takardar daga bakin firinta ta fita a guje.

Sai a lokacin ta juyo. Na shirya wa faɗa, na ma fi son a yi mini shi. Ta turo mini kujera da ƙafa.

"Zauna, 'yata. Ba ita kaɗai ba ce. Ki sa ya jero mana duk wanda ke cikin na Litinin amma babu shi a na yau."

Muka karanta sunaye dubu uku da ɗari da sha biyu, ita da rula tana bin layi, ni ina dubawa. Kwana biyu muka yi a kai. Muka samu tagwaye tamanin da shida da 'yan uku gida biyu. Kowa ya koma mazauninsa.

Da shugaba ya kira mu, ita ta fara magana: "Ranka ya daɗe, mun yi kuskure, mun kuma gyara." Ban iya haɗiye wannan "mun" ɗin ba. Na miƙe na ce ni na yi, ta hana ni ban ji ba, kuma ita ta ceci yarinyar. Ya ba ni takardar gargaɗi, na karɓa da hannu biyu. A baranda ta harare ni.

"Ina rufa miki asiri kina yaye zane."

"Ba na cin yabon da ba nawa ba, Mama, ba na kuma bar wa wani laifina."

"Taurin kai kamar na Malam," ta ce, ta kama hannuna. "To, zo ki gyara layukan nan naki masu kyau."

Na ƙara musu sharaɗi: in sunan yaro ya bambanta ko nauyin haihuwa bai zo ɗaya ba, kada a goge, a ware wa mutum ya duba da idonsa. Ta jawo madannan gabanta ta rubuta bayani a saman layin: "Tagwaye mutum biyu ne."

Uwar yarinyar ta yi wa likita godiya har da hawaye, ya kuma cancanta. Ba ta san akwai wata a ƙarshen baranda, bayan kantocin fayil, ba. Har yau ba ta sani ba.

Mama, ke ce kika koya mini cewa kowane layi a allon nan ɗan wata ne, wadda ta yi naƙuda a kansa. Ke ce kika koyi yaren na'ura a gefen gadon majinyaci, kika yi wa asibiti guda aikin sashe, aka rubuta sunan sashen aka bar naki. Mai ɗakin kati, mai haƙurin da ba na tsoro ba. An hana ki kujera, ba a iya hana ki iyawa ba. Na zauna a gaban malamai masu manyan riguna, amma a teburinki na koyi aiki, kuma duk wanda zai ji haushin wannan magana ya ji.

Ranar sallamarta an turo Malam a keken guragu, sanye da fararen kaya. Da aka gaji da jawabai aka miƙa masa abin magana, sai ya dube ta ya ce, "To, Hajjaju, yau dai an rufe baka." Mutane ba su gane ba. Ita ta yi dariya har ta cire tabarau tana share ido.

Wata mai zuwa za a kawo babbar manhaja da za ta maye gurbin ƙananan shirye-shiryenta. Na zauna da masu kawo ta, na ce ba za a shigar da kati ko ɗaya ba sai sun nuna mini yadda take yi da tagwaye. Suka ce ƙaramin abu ne, a bari sai daga baya. Na ce ina nan zaune. Sun gyara.

Na gode, Mama. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya ƙara wa Malam lafiya, ya sa jikokinki su san wace ce kakarsu. Ku kuma 'yan'uwana masu rubuta wa na'ura umarni, mata da maza, ku ɗauki kwafi kafin ku taɓa, ku sa ta nuna muku kafin ta aikata, ku karanta sunayen ko dubu nawa ne. In akwai wata dattijuwa a ƙuryar ofishinku da ake kira da ƙaramin suna, ku ja kujera ku zauna kusa da ita tun tana nan.

Jiya Litinin na iso ƙarfe bakwai saura kwata. Ƙusar bayan ƙofa ba jaka. A aljihun tebur na tarar da baƙar ma'ajiyar, an sake mata sabuwar roba. Na jona ta, na buga layin, na jira. Da hantsi wata mata ta zo da 'yan mata biyu masu shekara bakwai, kaya iri ɗaya, ɗaya ta fi ɗaya surutu. Ta ba ni lambar wayarta, lambar nan ta waccan Alhamis ɗin. Kati biyu suka fito.