Gashin ɗana a cikin ambulan

Shekarar da na haifi ɗana na fari muna zaune a Vénissieux, gefen Lyon, a bene hawa na tara. Maigidana yana aiki a wani labo, ɗakin binciken kimiyya, a Lyon, kuma aikin nasa na aku ne. Ba akun keji ba, waɗansu koraye ne masu jan baki da ke zaman kansu a itatuwan Paris. Yakan hau jirgin ƙasa ya je ya tsinto gashinsu inda suka yi sheƙa, ya zuba a 'yan fararen ambulan, ya rubuta lamba. Ni karatuna a Damagaram bai wuce aji huɗu ba, amma ina da ido.

Ina da ciki na tambaye shi amfanin wannan wahala. Ya ce, "Cewa ake aku mace ɗaya yake riƙewa. Mu so muke mu gani ko 'ya'yan da yake ciyarwa nasa ne. Gashi ɗaya ya isa ya nuna uban." Lokacin dariya na yi.

Yaron ya zo fari tas, mu kuwa duka baƙaƙe ne. Ranar suna wata Hajiya 'yar Maraɗi ta ɗaga shi ta ce, "Ke amarya, ruwan Faransa ne ya wanke shi haka?" Mata suka kwashe da dariya. Da aka gama yi wa yaron aski sai na ga maigida ya tattara gashin a hankali, ya zuba a irin ambulan ɗin nan, ya sa a aljihun rigar sanyinsa.

Allah ya sani ban san wani namiji ba. Amma na'urar gwajin gashi ba ta jin rantsuwa. In ta yi kuskure fa? Takardun zamana a kan nasa suke. In aka kore ni, wa zai bar mini yaron? Kwana tara abinci ba ya shiga, har nono ya ja baya. Kullum da safe ina laluba aljihun, ambulan na nan. Rana ta goma babu, kuma ranar zai tafi Paris.

Na tare ƙofa da yaro a kafaɗa.

"Malam, in gwada shi za ka yi, ka faɗa mini ido da ido."

"Gwada wa?"

"Gashin. Ina ka kai shi?"

Sai ya buɗe jaka ya miƙo mini ambulan. Na haɗa baƙaƙen da ƙyar. Ba lamba ba ce, sunan mahaifiyarsa ne.

"Wani ɗalibi zai tafi gida gobe, a unguwar Belleville can Paris zan ba shi. Inna ta ce a binne a tsakar gidanmu, inda aka binne nawa. Nan ina za mu binne, cikin siminti?" Ya karɓi ambulan ɗin ya ce, "Ashe haka kika ɗauke ni?"

Ya fita ko sallama babu. Kafin wata uku yaron ya rine, ya zama ubansa sak. Ba mu sake tada maganar ba. Amma tun daga ranar bai ƙara ba ni labarin aku ba, ni kuma na ji tsoron tambaya.