Ranar da Aka Kusa Haƙa Rijiya a Kan Kakanninmu

Ina jin ko na tsufa har na fara manta sunayen jikokina, ba zan manta da ranar da motar haƙa rijiyar burtsatse ta zo ƙauyenmu na ƙasar Roni ba. Ba a daɗe da yin jihar Jigawa ba a lokacin. Mun shekara muna jiran ruwan nan, matanmu sun gaji da doguwar tafiya zuwa rafi.

Masu awo sun zo tun da damina, suka kafa turke a wani fili gabas da gari, ba su tambayi kowa ba. Mu kuma ba mu lura ba, don ciyawa ta rufe shi. Sai da motar ta wuce kasuwa ta tsaya a filin hankalinmu ya tashi. Tsohuwar maƙabartarmu ce. Kaburburan sun daɗe da bajewa, babu abin da ya rage sai ɓaraguzan tukwanen da ake rufe ƙabari da su. Kakana yana nan kwance, da yayar mahaifiyata.

Shugaban aikin wani Ba'indiye ne siriri mai furfura. Tafintansa ya tafi Kazaure ɗauko bututu, ma'aikata biyun da suka rage kuwa da hannu suke magana da shi. Suka ce mana, "Mu ba mu da ta cewa, sai abin da oga ya nuna."

Mai gari ya ce a kira tela. Telan nan kowa ya san shi, babu kaset ɗin Indiya da ya shigo gidan kallo bai haddace ba, har mukan ce ya fi 'yan ƙasar iya yarensu. Ya zo da tef ɗin awo a wuya yana gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, ku kwantar da hankalinku. Wannan ai kamar ɗan ɗakinmu ne."

Ya haɗa hannuwa ya gai da Ba'indiyen, ya yi ta zuba Indiyanci. Ba'indiyen ya tsuke fuska, ya ɗaga masa hannu, ya juya ga injinsa. Tela ya ƙara murya, kamar da kurma yake.

"Kai tela, me ya ce?" in ji mai gari.

"Girman kai ne kawai, ranka ya daɗe. Yana jina sarai."

Dukkanmu muka yarda. Ni kaina na ce a raina, wannan kafirin ya raina matattunmu, Allah Ya yafe mini. Ba wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa akwai Ba'indiyen da ba ya jin Indiyanci.

Aka tayar da inji, ƙarfen haƙa ya fara saukowa. Matasa suka soma ɗaukar sanduna, mai gari yana daka musu tsawa. Ni dai ba ni da Turanci, karatun allo na yi, rubutuna ajami ne. Da na ga ba dabara, sai na juya ga kaburburan na ɗaga murya na yi musu sallamar da ake yi wa mazauna ƙabari, don in nemi afuwarsu.

Ban kai ƙarshe ba na ga Ba'indiyen ya juyo. Ya yi alama aka kashe inji. Na tsuguna na ɗauki tsinke na rubuta kalmar ƙabari a ƙasa da baƙaƙen Larabci, na ɗora ɓarin tukunya a gefe. Ya karanta a fili, ya yi salati, ya cire takalmansa ya fita daga filin da baya. Ashe Musulmi ne.

Da tafinta ya dawo bayan la'asar aka zauna a ƙofar gidan mai gari. Mutumin ya yi magana mai tsawo, da gani abin ya daɗe yana cinsa. Tafinta ya ce, "Wai tun da ya zo ƙasar nan kowa da wannan yaren yake tarbarsa. Shi ɗan kudancin Indiya ne, yarensu daban, mahaifiyarsa ba ta san kalma ɗaya ta wancan ba. Wai ko a manyan biranen ƙasarsu haka ake yi musu, in ya ce ba ya ji a hau shi da faɗa. Ya zaci tela tsokanarsa yake yi."

Ardon rugar da ke bayan gari, inda nakan je wa'azi, ya yi dariya ya dube ni. "Malam, ai mu ma haka kuke yi mana. Shekara nawa kana yi wa tsofaffinmu wa'azi da Hausa suna ce maka to, to?"

Tela kuwa ya ce zai je ya ƙarasa ɗinki.

Bayan kwana uku masu awo suka dawo, aka haƙa rijiyar yamma da gari, har yau ita muke sha. Maƙabartar muka kewaye da shinge.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, in na yi magana mutum ya yi shiru, ba na saurin cewa girman kai ne. Sai in fara tambayar kaina ko yana jin harshen da nake yi masa. Tun daga makon nan ban ƙara zuwa ruga wa'azi ba sai da mai mayar musu da Fulatanci.